Gudun asuba, gidan ƙarfe ko atisayen fili: ina ɗan ƙwallon unguwa zai zuba ɗan ƙarfinsa?

Wata ranar Asabar, saura kamar minti 15 a tashi, aka cilla wa lamba taranmu, wato ɗan wasan gabanmu, ƙwallo ta bayan masu tsaron baya. Yaron ya yi wata 6 yana zuwa gidan ƙarfe, ƙirji ya buɗe, damtse ya cika hannun riga har 'yan kallo na yi masa kirari. Ya zabura, bai yi taku goma ba ya dafe bayan cinya, ya yi ɗingishi sau biyu, ya zube. Babu wanda ya taɓa shi. Mako 6 ya yi yana kallonmu daga bakin layi. A wannan wasan dai, ɗan tsakiyarmu wanda ba ya fashin gudun asuba ya gama minti 90 ko haki bai yi ba, amma duk ƙwallon da aka yi rige-rige a kanta sai an riga shi.

Dukansu biyu sun sha wahala, ba malalata ba ne. Wahalar ce ba ta faɗa inda ƙwallo ke nema ba. Tun daga ranar, idan yaro ya tare ni da "Koci, gudu zan ƙara ko ƙarfe zan shiga?" ba na amsa masa a tsaye. Ɗan ƙwallon unguwa ba shi da yini guda kamar ɗan Kano Pillars. Wani yana shago a Kwari, wani yana jan adaidaita sahu, wani ɗalibi ne, wani yana kan keken ɗinki har la'asar. Yamma uku a mako da wasan ƙarshen mako, iyakar jarinsa ke nan. Idan ya zuba shi a hanya ɗaya, ɗayar ta rasa.

Kafin a zaɓa, a dubi abin da wasan kansa yake karɓa daga jiki. Ƙwararren ɗan wasa yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, amma mafi yawan wannan tafiya ce da sassarfa. Abin da ke raba gardama shi ne gudun daƙiƙa 2 zuwa 4, taka birki, juyawa, tsalle, da gogayyar kafaɗa, sannan a maimaita bayan rabin minti. Namu 'yan wasan ba sa kai wannan nisan, filayenmu ma ba su kai girman na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba, amma siffar aikin ɗaya ce: tashi da ƙarfi, tsaya, sake tashi.

Gudun asuba

Alherinsa a fili yake. Ba ya cin ko sisi, ba ya neman abokin yi, yana buɗe numfashi, yana rage tumbi. Wanda ya yi wata uku bai taɓa ƙwallo ba, ko wanda ya tashi daga jinya, ko babban mutum mai shekara 35 da ya dawo wasa saboda hawan jini ya fara leƙo shi, mako 3 zuwa 4 na gudu a hankali yana shimfiɗa masa tabarmar da sauran atisaye za su zauna a kai.

Bayan nan ribarsa ga ɗan ƙwallo takan tsaya. Jiki yana koyon abin da aka saba masa. Idan kullum tafiyar hawainiya kake koya masa a kan layi miƙaƙƙe, ita zai iya. Ga kwalta ba ta da tausayi. Ciwon ƙwauri da yara ke kawo mini kuka da shi, galibi daga gudun titi da takalmin da tafinsa ya cinye yake fitowa. A ƙara da ƙurar hunturu da hayaƙin motocin da ke sammako, a kuma cire barcin awa ɗaya da mutum ya sadaukar, alhali barci ne ke gyara tsokar da aka wahalar jiya.

Mai son numfashi yana da hanyar da ta fi gajarta. A Norwe, wani bincike da aka buga a 2001 ya sa matasan 'yan ƙwallo yin gudu mai tsanani na minti 4, sau 4, da sassarfar minti 3 a tsakani, sau biyu a mako na tsawon mako 8. Nisan da suke ci a wasa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, yawan zaburarsu kuma ya ninka. Duka-duka rabin awa ne. Kuma ana iya samun kusan wannan da ƙwallo a ƙafa, in an yi mutum huɗu-huɗu a ƙaramin fili, minti 4 ba tsayawa, da ƙwallaye a ajiye a gefe don kada a huta da sunan ɗauko wadda ta fita.

Gidan ƙarfe

A nan ne aka fi tafka kuskure, kuma laifin ba na ƙarfen ba ne. Shiga kowane gidan ƙarfe na unguwa da yamma ka tsaya minti goma. Layi ake yi a bencin ƙirji. Masu murza damtse suna gaban madubi. Wurin tsugunno da ƙarfe a kafaɗa kuwa, in ma akwai shi, riguna aka rataye a kai. Wanda ya fi kowa ƙwanji a wurin shi ne malami, kuma abin da ya sani shi ne gina jiki don a gani. Lamba taranmu a hannun irin wannan malamin ya faɗa: ya ƙara kilo 5 a sama, ƙafafun da za su ɗauki kayan suna nan yadda suke. An ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Amma idan aka yi shi yadda ya kamata, babu abin da ya kai ƙarfe ƙara wa ƙafa ƙarfi. Masu bincike sun auna 'yan wasan ƙungiyar Rosenborg ta Norwe, suka buga sakamakon a 2004: waɗanda suka fi ɗaga nauyi a tsugunno su ne suka fi gudu a gajeren zango, su ne kuma suka fi tsalle. Dalilin ba boyayye ba ne. Zabura tura ƙasa ce da ƙarfi. Wanda ya fi tura ta, ta fi cilla shi. Fifikon gidan ƙarfe a kan komai shi ne ana iya ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, kilo 2 ko 5 duk mako ko biyu, a rubuta, a ga ci gaba da ido. Tsoka ba ta ƙara ƙarfi sai an riƙa ɗora mata abin da ya ɗara na jiya.

Ɗan ƙwallo da ya shiga can, abu huɗu ko biyar suka ishe shi: tsugunno da nauyi, ɗaga ƙarfe daga ƙasa da baya a miƙe, dogon taku da nauyi a hannu, jan jiki sama a sanda, da turawa ɗaya ta ƙirji don kafaɗa ta iya gogayya. Nauyin ya zama wanda za ka ɗaga sau 5 ko 6 da kyau, zagaye 3 zuwa 4, ka huta minti 2 ko 3 a tsakani. Sau biyu a mako lokacin da ba gasa, sau ɗaya idan gasa ta kankama. Minti 45 ka fito. Wanda ya yi awa biyu a ciki, hira ya yi.

Abin da ke gefe guda na sikelin shi ne kuɗin wata, kuɗin mota, da neman wanda ya san aikin zai tsaya a kanka. Tsugunno da kilo 60 a kafaɗa da baya a lanƙwashe hanya ce ta zuwa wajen mai ɗori. Ƙarafan siminti da ake zubawa a gwangwani, waɗanda muka taso muna ɗagawa a soro, suna aiki, sai dai gefe ɗaya yakan fi ɗaya nauyi, kuma ba a iya ƙara musu komai. Sannan ƙafar da ta sha ƙarfe takan yi kwana biyu tana tsami. Wanda ya ɗaga ranar Juma'a ya shiga wasa Asabar, da ƙafar aro zai buga.

Atisayen fili

Wannan shi ne wanda yara suka fi rainawa, don babu madubi, babu kuma wanda zai gan ka a titi ya ce sannu da ƙoƙari. Ni kuwa shi na fi ba wa amana, kuma ba don arha kaɗai ba.

A 2006 sashen lafiya na FIFA ya fito da tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira 11+: sassarfa iri-iri, motsa ƙugu, ƙarfafa ciki da baya, tsayuwa da ƙafa ɗaya ana jefa ƙwallo, tsalle da sauka gwiwa a saiti, sannan gudu da juyawa. Ba ya neman komai sai alamomin da za a jera, mu robobin ruwa muke cikawa da yashi. An gwada shi a Turai, amma abin da ya fi shiga raina shi ne an gwada shi a gida. A Legas, an raba ƙungiyoyin matasa 20 gida biyu, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda suka riƙe tsarin sun samu raguwar rauni da kashi 41 cikin 100. Yara ne irin namu, a fili irin namu.

A cikin tsarin akwai motsi ɗaya da ya kamata a rubuta da manyan baƙi, wanda da lamba taranmu ya san shi, wataƙila da bai zube ba. Ka durƙusa a kan gwiwa, ka sa riga ko tabarma a ƙasa. Abokinka ya danne maka dugadugai da hannu biyu. Jikinka a miƙe kamar sanda daga gwiwa zuwa kai, ka riƙa sulalewa gaba a hankali, bayan cinya na riƙe ka, har ya gaza, ka tare ƙasa da tafin hannu, ka ture ka dawo. Ranar farko da na sa yaranmu, wani mai tsaron baya da ke taƙama da ƙarfi ya faɗi rub da ciki tun bai kai rabi ba, ya ɗago da yashi a gemu ya ce, "Koci, wallahi wani abu ya ja ni a baya." Wannan abin da ya ja shi, shi ake nema. Tsokar bayan cinya takan yage ne lokacin da take miƙewa tana birki a tsakiyar gudu, motsin kuwa wannan birkin yake koya mata. A Denmak an bi 'yan wasa 942 daga ƙungiyoyi 50, ƙwararru da 'yan sha'awa, aka buga a 2011: waɗanda ba su yi motsin ba sun samu raunin bayan cinya 52, waɗanda suka yi 15. A fara da sau 5, zagaye 2, sau ɗaya a makon farko, don tsamin da yake bari ba na wasa ba ne. A hankali a kai zagaye 3 na sau 8 zuwa 12. Bayan mako 10, sau ɗaya a mako ya isa riƙe abin da aka samu.

Batun nauyi kuma, ba sai da ƙarfe ba. Jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25, in ta cika, kilo 25 ce da ɗoriya, kuma ana iya rage ruwan ko a ƙara, abin da ƙarfen siminti ba ya yi. Rungume ta a ƙirji, ka ɗora ƙafa ɗaya a kan benci ta baya, ka tsugunna da ɗayar sau 8. Wanda ya ce wannan wasan yara ne, bai gwada ba. Hawan matakala da gudu, ko gangaren Dala ko Goron Dutse ga wanda ke kusa, zabura 6 zuwa 8 ta daƙiƙa 10 da hutu mai kyau a tsakani, yana ba ƙafa abin da gudun kilomita 10 ba zai ba ta ba.

Rauninsa biyu ne, kuma ba zan ɓoye su ba. Na farko, yana da rufi: bayan wata 5 ko 6, jarka takan yi wa mai ƙarfi kaɗan, daga nan sai ƙarfe. Na biyu, yana bukatar mai tsawatarwa. Yara sun zo fili don ƙwallo. Idan koci ya juya baya, minti 20 sai su koma minti 4.

Saboda haka idan yamma uku ce da kai kuma aljihu ba nauyi, atisayen fili ne naka, ba tantama. Idan ka yi wata 6 a kai, shekarunka sun haura 17 ko 18, kana harin a ɗauke ka a ƙungiyar da ta fi ta unguwa, kuma ka samu wanda ya iya koyar da tsugunno, to ka mayar da yamma ɗaya gidan ƙarfe, Talata ta fi in wasa Asabar ne. Gudun asuba a bar shi ga lokacin hutu da mai dawowa daga nesa. Mai tsaron gida shi ne ya fi kowa rashin bukatar dogon gudu. Tsalle, ƙugu da kafaɗa ne kasuwarsa.

Robar gari ko tukunyar gida

Zaɓi na biyu a aljihu yake. Yaro zai tara kuɗin mako uku ya sayo ƙatuwar robar garin furotin da hoton wani ƙato a jiki, alhali da safe shayi da burodi kawai ya sha.

Mu yi lissafi. Masanan da UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, ta tara kan abincin 'yan ƙwallo sun sa bukatar furotin a giram 1.6 zuwa 2.2 kan kowane kilo na nauyin jiki a yini. Mai kilo 65, a ƙaramin ma'auni, giram 104 ke nan. Cokalin garin roba ɗaya yana ba da giram 20 zuwa 25. Ƙwai ɗaya, giram 6. Giram 100 na busasshen wake, kafin a dafa, kusan giram 23. Gyaɗa giram 50, wajen 12, ƙuli-ƙuli ma ya fi haka tunda an matse man. Awara giram 100, sama da 10. Kofin kindirmo, wajen 8. Yankan kifi ko nama mai giram 100, 20 ko fiye. Sai abin da mutane ke mantawa: gero, dawa, masara da shinkafa su ma suna da nasu, wanda ya ci tuwo da fura da koko a yini ya kwashi giram 25 ko kusa bai sani ba. Ka tara ƙwai biyu da safe, wake da shinkafa da rana, awara da gyaɗa da la'asar, fura da nono bayan fili, tuwo da kifi da dare, ka haura 100 ba ka buɗe roba ba. Haɗa hatsi da wake kuma yana cike giɓin juna, abin da iyayenmu mata suke yi tun ba a san sunan furotin ba.

Garin roba ba guba ba ne. Na gaskiyar galibi daga ruwan madara ake yin sa, kuma yana da sauƙi ga wanda ba shi da lokacin ci. Matsalar ita ce sanin na gaskiyar. A wani bincike da aka yi a Jamus, aka buga a 2004, an auna kayan ƙarin kuzari 634 daga ƙasashe 13, kusan kashi 15 cikin 100 na ɗauke da sinadaran ƙara ƙarfi da ba a rubuta a jikinsu ba. Idan haka ta faru a shagunan Turai da Amurka, me za a ce da robar da ta sha rana a kan tebur, ba lambar NAFDAC, ranar lalacewarta a kankare?

Kuma ma ba furotin ne abin da ya fi ƙaranci a filayenmu ba. Mutuwar jiki a minti na 70 ta fi zuwa daga tankin da babu mai. Tsoka tana ajiye sitaci ne ta ƙona a wasa, masanan UEFA ɗin kuma sun ce a ci giram 6 zuwa 8 na sitaci kan kowane kilo a jajibirin wasa, wato wajen giram 400 zuwa 500 ga mai kilo 65. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shinkafa, taliya, dankali ko tuwo tun daren Juma'a; abinci na sosai awa 3 zuwa 4 kafin a busa usur, mai ƙarancin mai da yaji; ayaba ko dabino a hutun rabin lokaci. Wake a bar shi sai bayan wasa, duk wanda ya taɓa cin garau-garau da azahar ya shiga fili da la'asar ya san dalili.

Ruwa kuwa, a watan Afrilu da zafin Kano ke taɓa 40, mutum yana iya zubar da fiye da lita guda a awa ɗaya. Asarar kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ta isa rage gudu da kaifin tunani. Ga mai kilo 65, kilo 1.3 ne kacal, bai kai ledar ruwa uku ba. Leda ɗaya awa biyu kafin wasa, ɗaya a hutu, bayan an tashi a sha har fitsari ya yi haske.

Akwai abin da ba na sa shi a sikeli ko kaɗan. Na taɓa tsintar fankon tiramadol a inda muke canza kaya. Ba ya ƙara ƙarfi. Zafi yake rufewa, mutum ya ci gaba da gudu a kan tsokar da ta riga ta tsage, ga kamu da ke biyo baya. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni a duniya, ta sa shi cikin abubuwan da aka haramta lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, don haka mai mafarkin zuwa gaba ya san yana rufe wa kansa ƙofa.

Da azumi lissafin yakan juye gaba ɗaya. Gudun asuba ya fita daga zance, don wanda ya zubar da gumi bayan sahur zai yi awa 12 ko fiye bai mayar ba. Mu abin da muke yi shi ne taɓa ƙwallo sama-sama minti 40 kafin magariba, yadda ana tashi sai dabino da ruwa. Aiki mai nauyi, jarka da durƙuson bayan cinya da huɗu-huɗu, sai bayan tarawihi, sau biyu a mako, a ƙarƙashin fitilar wani shago da mai shi yake bar mana a kunne. Ƙwai da kindirmo kuma mukan mayar da su sahur.